Tiyatar da Ba Ta Bar Tabo Ba

Su biyar ne a gidan. Akwai Baba, mai wanki da guga, wanda ke karɓar zannuwan gado da tawul-tawul na wani masaukin baƙi da ke bakin titi. Akwai mahaifiyarsa, Iya. Akwai ƙanwarsa da kowa ke kira Gwaggo, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Sai Umma, matar Baba, da 'yarsu tilo mai shekara goma sha ɗaya, da ake ce wa Tsakuwa saboda ƙanƙantar jikinta. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne injin wanki, da kuma mutum na biyu da zai yarda ya sunkuya a kan baho. Sunan sana'ar na Baba ne, amma guga kaɗai yake yi. Wankin kuwa, shekara goma sha biyu ke nan, gadon bayan Umma ke yin sa.

Ciwon kai ya daɗe yana damun Umma. Daga baya ta fara karo da ƙofa, ta daina ganin abin da ke gefenta sai ta juya kai gaba ɗaya. Da aka ɗauki hoton kanta a asibiti, aka ga ƙari a gindin ƙwaƙwalwa. Ya tsiro a kan wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, yana danne jijiyar ido. Aka yi mata aiki ta hanci. Ba a aske mata gashi ba, ba a tsaga ƙoƙon kai ba. Likitoci suka yanki ɗan kitse a cikinta, suka toshe hanyar da suka bi.

Ranar sallama, nas ɗin ɗakin ta kira Baba har bakin gado. Tsakuwa na tsaye riƙe da jakar kaya.

"Maigida, matso, da kai nake. Yanzu tsakanin hancinta da ƙwaƙwalwarta akwai ƙofa. Faci muka yi, kuma facin bai kama ba tukuna. Sati shida ba sunkuyo. Ba ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Ba fyace hanci. In atishawa ta zo, ta buɗe baki. Salla ma a zaune, kada goshi ya kai ƙasa. In ka ga ruwa garau yana ɗiga daga hancinta, ta ji gishiri-gishiri a maƙogwaro, ba mura ba ce, ruwan ƙwaƙwalwa ne. Kada ku kwana da shi, ku kawo ta. Ka ji?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

"To maimaita mini."

Baba ya maimaita, bai tsallake ko ɗaya ba.

A cikin tasi Umma tana kallon gaba, sai ta yi murmushi ta ce, "Tsakuwa, cire yatsa daga baki." Yarinyar na zaune a gefenta, kuma Umma ba ta juya kai ba. Shekara biyu rabon da ta ga wani abu ta wutsiyar ido. Tsakuwa ta ɗaga yatsu uku kusa da kunnen uwar, Umma ta ce uku. Ta ɗaga biyar, ta ce biyar. Haka suka yi ta yi har ƙofar gida.

Iya ta tare su a tsakar gida da sannu da zuwa, ta sa aka shimfiɗa tabarma. Da Umma ta zauna sai ta ce, "Cire ɗankwalin mu gani, 'yar nan."

Umma ta cire. Kitsonta na nan yadda ta tafi da shi. Iya ta dudduba, ta zagaya ta baya, ta ɗaga kunne ɗaya.

"To ina aikin?"

"Ta hanci suka bi, Iya."

"Ta hanci." Iya ta koma ta zauna. "Ni da aka cire mini haƙori na fi haka kumbura."

Gwaggo ta hango filasta a gefen cikin Umma lokacin da take gyara zani. "Ciwo a ka, filasta a ciki. Yaya, anya likitocin nan ba su ɓata hanya ba?"

Aka yi dariya. Umma ma ta yi, a hankali, hannunta kusa da hanci.

Gaskiya ita ce kwana huɗun farko an kyautata mata. An kai mata ruwan wanka, an kai mata abinci ɗaki. Gwaggo ta karɓi baho. Amma zanen gadon masauki ba kamar wankin gida ba ne. Kowace safiya ƙunshi biyu ke zuwa. A jiƙa, a cuɗa, a ɗauraye sau uku, a matse, a ɗauki bokiti cike zuwa igiya. A rana ta uku Gwaggo ta fara nuna wa duk wanda ya shigo tafin hannunta. A rana ta huɗu manajan masaukin ya dawo da zannuwa shida, ya ce farinsu ya mutu.

Baba bai taɓa sa hannu a baho ba, kuma yana da dalilinsa. Hannun da ya wuni riƙe da dutsen guga mai zafi, in ji shi, ba ya shiga ruwan sanyi, jijiya ƙagewa take yi. Haka maigidan da ya koya masa sana'a ya ƙare da shanyayyen hannu. A kan lafiyar hannunsa Baba bai taɓa yin ganganci ba, ko sau ɗaya. Iya kuwa ta tsufa, wannan ba gardama.

Ba wanda ya fito fili ya ce wa Umma ta tashi ta yi wanki. Ba haka ake yi ba. A rana ta biyar aka kai mata tawul ɗaki ta ninke, ai ninki ba aiki ba ne. A ta bakwai aka ce ta fito ta sha iska, kuma tunda ta fito, ta zauna a 'yar kujera ta nuna wa Gwaggo yadda ake fitar da tabon mai daga matashi. Nuni da baki bai yi ba, sai da hannu. A ta tara Gwaggo ta tashi amsa waya, ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai da rana ta take. Ruwan kumfa na baho, zannuwa na jiƙe, Baba na leƙowa daga rumfar guga yana duba igiya. Umma ta jawo bahon gabanta.

Haka Tsakuwa ta dawo daga makaranta ta same ta, kai a ƙasa, jijiyoyin wuya a tashe. Ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce rumfa.

"Baba, nas ta ce sati shida."

"Ga likita ta dawo," in ji Gwaggo daga ƙofar ɗaki. "Likita, a duba mini hannu, ko shi ma ta hanci za a bi?"

Baba ya hura gawayin dutsen guga, ya gwada zafinsa a tsumma. "Nas kowa haka take gaya masa. Sukan ƙara gishiri don mutum ya tsorata. Jiki da jiki ba ɗaya ba ne. Uwarki ƙarfe ce."

"Ai kai ka maimaita mata."

"Na maimaita. Tafi ki cire kayan makaranta."

Iya ta sa baki daga inuwa. "Ido ya buɗe, tana ci, tana sha, tana dariya. Me ya saura? Kwanciya ita ke kiran ciwo. Jini in bai motsa ba daskarewa yake yi."

"To a ɗora mata bahon a kan teburin guga, ta yi a tsaye."

"Ruwa ya jiƙa mini bargo, in yi gugar da me?" in ji Baba. "Da tafin hannu?"

Tsakuwa ta karɓi matsa da shanya duk ranar da take gida, amma zanen gado jiƙaƙƙe ya fi ƙarfin hannunta, kuma safiya tana aji. Da ta sake buɗe baki a gaban mutane, Umma ta jawo ta ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ki bari. Kada ki ja mini magana a gidan nan. A hankali nake yi. Kuma kada kawunki ya ji, kin ji ko? Kin san halinsa."

Lokacin salla Umma kan zauna a kan kujera, ta ɗan rusuna da kai maimakon sujada. Wannan ba wanda ya yi mata gardama a kai. Iya da kanta ta ce addini sauƙi ne, Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Umma tana sallame salla sai ta koma tsakar gida ta kifa kai a kan kumfa har la'asar. Ubangijin da Ya halicce ta Ya ɗauke mata sujada, amma gidan mijinta bai ɗauke mata baho ba.

A rana ta goma sha biyu ta sunkuya ɗaukar bokiti, ta yunƙura, sai wani abu ya ɗiga a bayan hannunta. Ta share. Ya sake ɗiga. Ruwa ne garau, daga hanci ɗaya, ba kauri, ba yauƙi. Tsakuwa da ke riƙe da ɗaya gefen zanen ta saki, zanen ya faɗi ƙasa.

"Umma, me kike ji a maƙogwaro?"

Umma ta haɗiye yawu. "Ɗauki zanen, kin ɓata shi."

"Gishiri ne?"

"Ɗauki zanen, Tsakuwa."

Yarinyar ta ruga rumfa. Baba ya fito da dutsen guga a hannu, ya tsaya daga nesa ya duba fuskar matarsa. Ɗigon ya taru a bakin hancin, ya faɗi. Ya gani. Tsakuwa ta ga ya gani.

"Mura ce," ya ce. "Duk mai taɓa ruwa yana mura."

"Baba, nas ta ce kada a kwana da shi."

"Bari in kai kayan jibi. In bai tsaya ba sai mu je."

Jibi ta zo, manaja ya haɗo da labulaye, wai ana sa ran baƙi. Washegari aka ce ranar ba likitan da ya yi aikin, zuwa asarar kuɗin mota ne. Wanda ya faɗi haka bai kira asibitin ya tambaya ba.

Iya ta ɗauki jinyar murar a hannunta. Ta tafasa ruwa, ta jefa man zafi a ciki, ta lulluɓe kan Umma da bargo, ta danna shi ƙasa saitin tururi. Da aka yaye bargon ta miƙa mata tsumma.

"Fyace da ƙarfi, ya fito gaba ɗaya ki huta."

"Iya, an ce kada in fyace."

"An ce, an ce. 'Ya'ya nawa na raina da wannan hannun? Fyace."

Tsakuwa ta fizge tsumman. Iya ta dube ta tun daga ƙafa har kai.

"Ke kika haife ni, ko ni na haifi ubanki? Ka ga abin da karatu ke yi. Miƙo nan."

Umma ta karɓi tsumman daga hannun 'yarta, don a zauna lafiya, ta fyace. Idanunta suka kawo ruwa, ta dafe goshi da hannu biyu.

Daga ranar sai ta riƙa cusa auduga a hancin don kada ya ɗiga a kan farin zane. Audugar kan jiƙe kafin ta gama ɗauraya ɗaya. Ciwon kai ya dawo da sabon salo: in ta miƙe tsaye kamar ana jan ƙwaƙwalwarta ƙasa da igiya, in ta kwanta sai ya lafa. Ta yi kuskuren faɗin haka.

"Ciwon nan akwai wayo," in ji Gwaggo. "Ya san baho, ya san katifa. Ni ma Allah Ya ba ni irinsa."

Kwana shida ana haka. Da safiyar na bakwai Umma ba ta tashi ba. Jikinta kamar garwashi. Tsakuwa ta buɗe taga, uwar ta yi ƙara ta rufe ido da hannu. Yarinyar ta kawo mata ruwa, ta yi ƙoƙarin ɗago kanta, wuyan ya ƙi lanƙwasawa, ya sandare kamar itace. Umma ta dube ta ta kira ta da Inna, sunan da take kiran mahaifiyarta da ta rasu tun kafin a haifi Tsakuwa.

Iya ta taɓa goshin ta ce zazzaɓin sauro ne, lokacinsa ne. Baba ya je kemis ya sayo ƙwayoyi, ya ajiye a kan taga, ya ɗaure kayan masauki a bayan babur.

"Ku ba ta biyu yanzu, biyu da rana. In na dawo mu gani. Ke kuma wuce makaranta."

Tsakuwa ta sa kayan makaranta ta fita. Ta wuce ƙofar makarantar ba ta shiga ba. Ta bi titin gareji har ƙarshensa, inda kawunta, yayan Umma, ke da rumfar walda. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya gan ta tsaye tana haki. Ta faɗa masa duka, daga baho har wuya, a jere, kamar mai ba da hadda. Kawu bai tambaye ta komai ba. Ya kashe inji, ya tare tasi.

Da suka iso gida, Iya ta tsaya a ƙofar ɗakin. "Ba a fitar da matar aure mijinta ba ya nan. Ka jira ya dawo."

"Iya, da girmanku, ku matsa."

"A gidan ɗana?"

"Ƙanwata ce. Ku matsa, kada in yi abin da zan ji kunya."

Ta matsa. Ya ɗauko Umma a hannu biyu kamar yarinya. Gwaggo ta biyo su da takalmanta tana cewa ai dama su ma yau suka yi niyyar kai ta.

Baba ya iso asibiti bayan azahar, har lokacin igiyar ɗaure kaya na rataye a wuyansa. Likitan da ya yi aikin, wanda kwanaki aka ce ba ya nan, ya fito ya same su a baranda.

"Kai ne mijin? Yaushe ruwan ya fara zuba?"

"Jiya ne, likita. Jiya da yamma."

"Ta yi wani aiki? Sunkuyo, ɗaukar kaya?"

"Ko tsinke ba ta ɗaga ba. Ga mahaifiyata, ga ƙanwata, ba abin da take yi sai kwanciya."

Nas ɗin nan tana tsaye a bayan likita. Ita ta sa wa Umma allurar ƙarin ruwa, ta ga hannuwan: fatar yatsu ta yi fari ta saɓule, gefen farata ya tsattsage da sabulu. Ba ta dubi Baba ba, ta dubi yarinyar.

"'Yan mata, ke fa me kika gani?"

Baba ya zuba wa 'yarsa ido. Tsakuwa ta kalli takalminta.

"Yau kwana bakwai. Tun rana ta tara take wanki. An sa ta ta fyace."

Likita ya rubuta. Ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba. "Facin ya ɓalle. Ƙofar ta zauna a buɗe mako guda, ƙwayar cuta ta bi ta nan ta shiga rigar ƙwaƙwalwa. Sanƙarau ne. Da ranar farko kuka zo, da wataƙila kwanciya da magani sun isa. Yanzu sai mun kashe cutar, sannan mu sake komawa mu yi wani facin. Ba zan yi muku alkawarin komai ba."

"Haka Allah Ya ƙaddara," in ji Baba.

Kawu ya miƙe daga benci. Nas ta shiga tsakani, ta ce nan asibiti ne.

Umma ta yi kwana huɗu ba ta san wanda ke kanta ba. A na biyar ta buɗe ido ta gane 'yarta. Aka sake yi mata aiki, ta hanci kamar na farko. Ta rayu. Amma zazzaɓin ya tafi da kunnenta na hagu, likita ya ce ba zai dawo ba. In ta miƙe, ƙasa kan juya mata, sai an riƙe ta zuwa banɗaki. Kawu ya gaya wa Baba a gaban nas cewa ranar sallama gidansa za ta wuce, wanda ke da magana ya same shi a rumfar walda.

Ranar wata Asabar Baba ya zo dubiya da lemo a leda, cikin riga mai kyan guga. Ya zauna a gefen gado, ta hagu. Kawu na jingine da bango, Tsakuwa na ɓare wa uwarta lemo.

"Maman Tsakuwa, ya jikin? Ki kwantar da hankalinki, kada ki sa wanki a ranki. Na samo mata biyu a bayan layinmu, su ke yi yanzu. Tun washegarin da aka kawo ki suka fara. Manaja ma bai ce komai ba."

Umma tana kallon silin. Ta wannan gefen ba ta jin komai, ba ta ma san da ita yake ba.

"Ka sha wahalar nemansu?" Kawu ya tambaya.

"Ina fa. Fita ɗaya na yi. Ai sun daɗe suna tambayata aiki."

Ya faɗi haka da sakin fuska, kamar wanda ya kawo albishir. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɓarin lemo ɗaya daga cinyar 'yarsa ya jefa a baki.

Tsakuwa ta san matan. Kullum tana wuce ƙofarsu in za ta makaranta, tafiyar ba ta kai minti biyar ba. Duk kwanakin nan tana tsammanin ita ce ta kasa yin bayani yadda manya za su fahimta. A ranar ta gane cewa kowa ya fahimta tun farko. Matan bayan layi sai an biya su, Umma kuwa ba a biyanta, shi ya sa aka zaɓi Umma.